Duba ci gaban yaro a ranar rigakafi: jagora ga ma'aikatan lafiyar yara

Abokan aiki, nas-nas da ungozomomi da jami'an sha-ka-tafi da likitocin yara, wannan naku ne. Duk mun san yadda ranar rigakafi take, tun bakwai na safe mata sun cika benci har waje, yara na ta tsala kuka, kowa burinsa a ɗora yaro a sikeli a rubuta kilo a yi allura a kira na gaba. Toh kilo da allura kam ba mai raina su, amma akwai abin da ke wucewa ta gabanmu kullum ba mu duba ba, wato yaron nan yana ji kuwa, yana gani, yana kallon fuskar uwarsa, ya kama hanyar zama da tafiya da magana a kan lokaci? In ba mu duba ba babu mai dubawa fa, don kafin yaro ya shiga makaranta mu kaɗai ne ma'aikatan da ke ganinsa a kai a kai, ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, wata 15, ga ɗigon bitamin A duk bayan wata shida tun daga wata 6.

A 2016 mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta cewa yara 'yan ƙasa da shekara biyar wajen miliyan 250 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kashi 43 cikin ɗari kenan, suna cikin haɗarin kasa kaiwa inda ya kamata su kai saboda talauci da tsumburewa. A 2018 sai Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya suka fitar da tsarin reno da ya tsaya kan abu biyar: lafiya, isasshen abinci, tsaro, damar koyo tun da wuri, da kuma babba ya riƙa lura da abin da yaro ke nufi yana amsa masa. Biyun farko dama muna yi, ukun ƙarshen ne muke bari a baya.

Ni abin da ya fi ƙarfafa min gwiwa shi ne aikin da aka yi a Kingston ta ƙasar Jamaika a shekarun 1980. Ma'aikatan lafiya na unguwa, ba wasu manyan likitoci ba, suka riƙa shiga gidajen yaran da suka tsumbure sau ɗaya a sati har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata wasa da hira da 'ya'yansu da kayan wasan da aka harhaɗa a gida. Da aka bibiyi yaran bayan shekara ashirin, samunsu ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi wa haka ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Mu ba mu da halin bin gida-gida duk sati, amma muna da minti biyar ranar allura, ga yadda za mu ci moriyarsu.

Mataki na 1: ku duba kafin allura

Yaron da aka soka wa allura ba abin da za ku gane a jikinsa sai ihu, saboda haka allura ta zo ƙarshe. Ku ce uwa ta sauke goyo ta ɗora shi a cinya yana fuskantarta, ku kuma kuna buɗe kati kuna satar kallonsu. Wuyansa ya tsaya? Hannayensa a dunƙule suke gam ko yana buɗewa? Yana motsa gefe ɗaya ya bar ɗaya? In ya yi ɗan sauti uwar tana kallonsa ko hankalinta na can wani wuri? Rabin aikin a wannan kallon ake gama shi, kuma bai ci muku ko minti ɗaya ba.

Mataki na 2: watanni da tambaya

Ku ƙirga watanninsa daga kati. In bakwaini ne ku cire abin da ya rage bai cika ba, misali wanda aka haifa saura wata biyu, in ya kai wata shida da ma'aunin ɗan wata huɗu za ku auna shi, haka har ya shekara biyu, in ba haka ba za ku ɗaga wa uwa hankali a banza.

Dan Allah kar ku ce "lafiyarsa ƙalau ko?" don "lafiya lau" za ku ji ko da tana kwana da damuwa. Ku ce "Maman Abba, me ya iya yanzu wanda bai iya ba zuwanku na baya?" Sai ku bi da "akwai abin da bai kwanta miki ba game da jinsa ko ganinsa ko motsinsa, in kin haɗa shi da sa'o'insa na gida?" sannan "wa ke wuni da shi?" Ku yi shiru ku jira, kar ku cike mata amsa.

Ku ɗan tona baya kuma. Ya yi kuka da ya faɗo ko sai da aka sha fama? Ya yi shawara a satin farko har idonsa ya yi rawaya? Sanƙarau fa, ko zazzaɓin cizon sauro mai jijjiga da suma, ko tamowa? Duk yaron da ya bi ta ɗaya daga cikin nan ku sa masa alama a kati, shi ne za a sa wa ido sosai musamman ta ɓangaren ji da motsi, ko da yau ba ku ga komai ba.

Mataki na 3: ku san faɗin hanya, ku san iyakarta

Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 kan lafiyayyun yara daga Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka ya nuna zama ba tallafi yana zuwa tsakanin kusan wata 4 zuwa 9, tafiya kuma tsakanin wata 8 zuwa kusan 18, har akwai 'yan kaɗan da ba su yi rarrafe ba sam suka miƙe. Kenan uwar da ta zo hankali tashe don ɗan kishiyarta ya taka a wata goma nata yana wata goma sha uku yana nan yana dafa bango, kwantar mata da hankali za ku yi. Amma akwai inda ba a cewa a jira:

- wata 3, ba ya murmushi in an masa wasa, ba ya bin fuska da ido, ƙara mai ƙarfi ba ta razana shi
- wata 4 zuwa 5, wuya bai tsaya ba, ko jiki a sake sharaf, ko a sandare yana banƙarewa
- wata 9, bai zauna shi kaɗai ba, ba ya waigowa in an kira sunansa
- wata 12, babu gwaranci irin ba-ba, da-da, ba ya miƙa hannu a ɗauke shi, ba ya nuni
- wata 18, bai fara tafiya ba, ko babu kalma ko ɗaya mai ma'ana
- shekara 2, ba ya haɗa kalma biyu kamar "Mama ruwa"

Kuma a kowane wata, yaron da ya iya abu ya dawo ya daina, yana kiran Baba ya bari, yana zama ya koma faɗuwa, wannan turawa gaba ake yi ba jinkiri. Haka farin abu a tsakiyar ƙwayar ido, haka kan da ke girma fiye da kima ko ya tsaya cak, shi ya sa tef ɗin awon kai bai kamata ya kwana a durowa ba.

Maganar ji tana so a tsaya a kanta, don yawancin abin da ake kira nauyin baki sai an fara tambayar kunne. Ku sa wani ya tsaya ta baya inda yaron ba ya ganinsa ya kaɗa gwangwani mai tsakuwa ta gefe ɗaya, sannan ɗaya gefen. Amma wannan gwajin ba ya wanke kunne, yaro mai wayo zai iya waigowa don ya ga inuwa ko ya bi idon uwarsa. In uwa ta ce muku "anti yaron nan kamar ba ya ji", ku gaskata ta ku tura a auna, ita ke kwana da shi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana yin cikakken tantancewa a wata 9 da 18 da 30, na galahanga (autism, wato matsalar cuɗanya da mutane da magana) kuma a wata 18 da 24. Mu zuwan allurar ƙyanda na wata 9 da na wata 15 su ne damarmu mafi kusa, ku ba su lokaci fiye da sauran, sannan ku roƙi a dawo muku da shi in ya shekara biyu ko da babu allura.

Mataki na 4: ku yaba, sannan uwa ta gwada da hannunta

Nan ne zuciyar aikin. Tsarin ba da shawara kan renon yara da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2012 ya sa yabo kafin shawara, kuma wallahi yana aiki, matar da aka fara da yi mata faɗa kan datti ko makara ta rufe kunnenta kenan. Yabon kuma ya zama na abin da kuka gani da ido: "kinga da ya yi ƙara kika juyo kika kalle shi? Wannan abin da kika yi shi ke koya masa magana."

Ku ajiye ɗan kwali a gefen tebur, kofin roba biyu ko uku, cokali, murfin kwano, ƙyalle mai launi, gwangwani mai tsakuwa da aka like gam, hoton dabbobi ko na tsohuwar kalanda ne. A riƙa wanke su, kuma kar a sa abin da zai shige bakin yaro. Sai ku miƙa wa uwa, ba yaron ba. In ku kuka yi wasan ya ƙyalƙyale da dariya, za ta tafi da tunanin ai iyawar nas ce, amma in a hannunta ya yi dariyar, ta tafi da abin gida.

Ƙasa da wata shida, ta kalli idonsa in tana ba shi nono, in ya ce "aa" ta ce "aa" ta jira. Ku ce mata kamar ciniki ne a kasuwa, ya taya ta amsa, ta saurara ya sake tayawa, ba ita kaɗai za ta yi ta zuba ba. Goyo abu ne mai kyau, yana jin ɗuminta yana jin muryarta, sai dai a baya ba ya ganin fuska, don haka a riƙa sauke shi a kifa shi a kan tabarma idonsa biyu ana kallonsa, a tara kamar minti 30 a wuni kaɗan-kaɗan, shi ke ƙarfafa wuya da kafaɗa. Barci kuma a rigingine. Daga wata shida zuwa shekara, ta rufe fuska da mayafi ta buɗe, ta ɓoye cokali ƙarƙashin ƙyalle yana kallo ya nemo, ta bar shi ya yi ta buga murfi. Shekara ɗaya zuwa biyu, zuba abu a kwano da juyewa, ɗora kofi kan kofi, da kiran sunan komai, "ga akuya, ya akuya take kuka?" Daga biyu zuwa sama sai tatsuniya da waƙa da ƙirga da amsa masa tambayoyinsa da ba sa ƙarewa. Abu ɗaya za ku ba ta a zuwa ɗaya, sannan ku ce "in kin koma gida yaushe za ki gwada?"

Za ta ce aiki ya mata yawa, kuma gaskiya ta faɗa. Ba wani lokaci daban ake nema ba, tana wanka tana cewa ga hannu ga ƙafa, tana tsince shinkafa tana faɗa masa me take yi. Wata za ta ce ai sai a ce ta zare tana magana da jinjirin da bai san komai ba, ku gaya mata tun yana ciki yake jin muryarta, kuma yana bambance ta da ta kowa tun kwanakin farko.

Sai maganar ɗan fari. Yarinya ta zo da ɗanta na fari tare da uwar miji, ba za ta kira sunansa ba, ba za ta masa wasa a gabanku ba, wani lokacin ko kallonsa ba ta yi. Kar ku rubuta cewa ba ta kula da shi, kuma kar ku yi wa al'adar ba'a, kara ce take yi. Ku san dabarar da za ku keɓe da ita, ko aiken Hajiya karɓo kati ne, ku tambaye ta a hankali "in kuna ɗaki ku biyu fa?" Yawanci murmushi za ku gani ta sunkuyar da kai, shikenan kun samu amsa, ku ce ta ƙara a kan hakan. In kuma ko a ɗaki babu, toh wannan ku riƙe shi zuwa mataki na shida. Ita kuwa kaka al'ada ta riga ta ba ta lasisin wasa da jika, mijinta ne ko kishiyarta, don haka ku jawo ta jiki: "Hajiya, angon naki fa hira yake so, ke za mu ba wannan aikin." Kakar da aka girmama ta zama taku, wadda aka tsallake kuwa duk abin da kuka faɗa a ƙofar gida zai tsaya. In kuma yayarsa 'yar shekara bakwai ce ke wuni da shi a baya, ita ma a koya mata.

Mataki na 5: abinci, a gurguje

Wannan kun san shi. Awon damtse daga wata 6 zuwa 59, ƙasa da santimita 11.5 ko kumburin ƙafa biyu a tura wajen masu tamowa yau. Dakashi kar a zubar, nono zalla wata shida ko ruwa babu, a ci gaba har shekara biyu. Kunu mai kauri da gyaɗa ko waken suya, ƙwai, kifi, zogale, sau 2 zuwa 3 a wata 6 zuwa 8, sau 3 zuwa 4 daga wata 9. Gishiri mai aidin, a duba tafin hannu ko jini ya yi ƙasa. Abin da zan ƙara kawai, a bar ɗura, toshe wa yaro hanci a zuba masa kunu yana iya kai shi huhu, kuma yana sa ya tsani abinci. A zauna da shi da kwanonsa ana lallashi ana hira. Yaron da ya tashi daga tamowa ma ya fi kowa buƙatar wasan nan, kilo na dawowa kafin kuzarin koyo ya dawo.

Mataki na 6: ita uwar fa?

Macen da damuwa ta danne ba za ta iya amsa murmushin jariri ba ko ta so. Ku tambaye ta ita kaɗai, a watan nan tana yawan jin ƙunci ko fidda rai? Abubuwan da take jin daɗinsu da, ta daina jin daɗinsu? In ta ce eh ga ɗaya ku zauna da ita, barci fa, abinci fa, akwai mai taimaka mata, akwai duka a gidan, ko kwanika ce ta same ta ga goyo ga ciki. In ta ambaci tunanin cutar da kanta ko yaron, ko tana maganganun da ba kan gado, ranar za ta ga likita kuma kar a bar ta ita kaɗai. Kar ku ce mata "ki yi haƙuri kawai", haƙurin ta daɗe tana yi.

Mataki na 7: abubuwan gida

Waya ta zama 'yar raino yanzu, yaro na kuka a miƙa masa katun. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce ƙasa da shekara biyu babu kallon allo, daga biyu zuwa huɗu kar ya wuce awa ɗaya a rana. Duk yaron da aka kawo da jinkirin magana ku tambayi awa nawa yake a gaban waya ko talabijin.

Ku tambayi kwalli, don wani kwallin dutse akwai dalma a ciki, ita kuwa dalma ƙwaƙwalwar yaro take ci a hankali ba tare da alama ba. Mun ga mafi muninta a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake daka dutsen zinare a cikin gida. Kafur a cikin kayan jariri shi ma a cire, yana tayar da shawara mai tsanani ga wasu jarirai. Girgiza jariri da ƙarfi don ya yi shiru yana iya zubar da jini a ƙwaƙwalwa, duka kuma ba ya koya wa ɗan shekara biyu komai sai tsoro.

Uba kuma kar a manta da shi, shi ke ba da izinin fita da kuɗin mota. In ya rako su ku kira shi ciki, "Malam bismillah, zo ka ga abin da ɗanka ya iya." Mai jin nauyin ɗaukar yaro ku tuna masa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban mutane, ya kuma yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama.

Mataki na 8: in kun ga alama

Kalma biyu ne nake roƙon mu daina. Ta farko "bari zai yi, babansa ma sai da ya shekara huɗu ya yi magana", da ita ake cinye shekarun da taimako ya fi amfani. Ta biyu "wannan ba zai taɓa tafiya ba", ba ku sani ba, kuma uwar da ta ji haka ba ta dawowa. Ku fara da abin da ya iya, sannan abin da kuka gani: "Maman Abba, yana kallonki yana dariya, wannan alheri ne. Amma a wata goma muna so a ce ya zauna, shi kuma bayansa bai yi ƙwari ba, ina so likitan da ya fi ni sanin wannan ya gan shi tun yanzu da sauran lokaci." Ku faɗa da baki cewa ba laifinta ba ne, don a gida wataƙila an riga an ɗora mata.

Za ku ji an ce iska ce, ko ɗan ruwa ne. Gardama ba ta da amfani a nan, ku ce a ci gaba da addu'a a haɗa da asibiti. Amma ku tsaya tsayin daka kan abin da zai cutar, tsaga, turara hayaƙi a ɗaki rufe, ɗura jiƙo ko cusa cokali a baki lokacin jijjiga, ko ɓoye yaro a ƙurya don kunyar mutane. Shi ma a fito da shi tsakar gida cikin yara, a masa wasa, a zaunar da shi a miƙe in za a ba shi abinci, rigakafinsa kuma kar a fasa.

Ku rubuta takarda mai bayani, watanninsa, abin da ya faru wajen haihuwa, abin da kuka gani, ba "a duba shi" kawai ba. Ku san inda za ku tura tun kafin buƙata ta taso, babban asibiti mafi kusa mai likitan yara da sashen gashi, wato masu motsa gaɓoɓi, in ya fi ƙarfinsu akwai asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri, ga cibiyar kunne ta ƙasa a Kaduna don awon ji, 'yan'uwa na Nijar kuma manyan asibitocin Damagaram da Maraɗi da Yamai. Ku yi musu bayanin ranar da ake ganin yara a can in kun sani, don kar su kashe kuɗin mota su tarar ba ranar ba ce.

Sannan ku sa musu ranar dawowa wurinku cikin sati biyu zuwa huɗu ko sun je ko ba su je ba, ku rubuta a kati ku rubuta a littafinku tare da lambar wayar maigidan. In ranar ta wuce ba ku gan su ba ku kira, in waya ba ta shiga ku aika ma'aikaciyar sa-kai ta unguwarsu ta leƙa ta ji abin da ya hana.